Bangon Gabas na Gidan Baba Tanko

Ku yaran yanzu kun ɗauka duba gida ba aiki ba ne. Makon jiya wani ɗan'uwanku ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Baba Garba, ai yanzu hoton gida kawai za ka ɗauka a waya ka tura wa mai saye, an gama." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Hoto fenti yake nunawa, ni kuwa tunda nake ba a taɓa kirana in duba fenti ba.

Asalina magini ne, kuma ginin ƙasa na koya. Ina ɗan saurayi mahaifina ya kai ni wurin Baba Tanko, wanda a lokacin babu maginin da ake ji da shi a yankinmu na Kura kamarsa. Shekara biyu na yi ban hau bango ba. Aikina in tattake ƙasa da ciyawa har ƙafata ta tsage, in kuma tsaya a ƙasa ina jefa masa tubali yana caɓewa a sama. Tubali, ga wanda bai sani ba, curin ƙasa ne da ake mulmulawa da hannu a shanya ya bushe, shi ake jerawa a yi bango kafin zuwan bulon siminti. In ka jefa ya kauce, Baba Tanko ba ya zagi. Kallonka kawai zai yi daga saman bango, kai da kanka za ka gwammace a ce zagin ya yi.

Duba gida kuwa wata muguwar shekara ce ta jefa ni cikinsa, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa garuruwanmu. Tumatir ya yi kwantai, kwanduna jere a bakin titin Zariya suna ruɓewa, har warin ya hana mutane tsayawa a Kadawa. Mu magina a bayan manomi muke ci. In ya sayar da tumatir ya ƙara ɗaki, in bai sayar ba mu zauna. Wata huɗu ban taɓa cokalin gini ba. Masu gina gida suka koma masu sayar da gida, rigingimu kuma suka yi yawa a ƙofar mai unguwa: an saya, bango ya tsage, an dawo ana rantse-rantse. Shi ne mai unguwarmu ya ce duk wanda zai sa gida a kasuwa ya fara kiran magini ya duba, a faɗi aibinsa gaban shaidu, kamar yadda malamai suka sha gaya mana cewa mai sayarwa ba ya ɓoye aibin kayansa. Ni aka fara kira, daga nan abin ya bi ni.

Kayan aikin ba su da yawa. Guntun rodi mai tsini, ƙaramar guduma, tocila, da igiya da na ɗaura wa dutse don in ga ko bango ya karkata. Sauran aikin na kunne ne da hanci. Ka ƙwanƙwasa azara, wato itacen giginyar da ke riƙe da rufi, in gara ta cinye cikinta za ka ji sautin ya yi holoƙo, gari ya zubo maka a ido. Ka hau soro ka duba bakin indararo. Ka sa a janye gado da buhunan shinkafa, ka durƙusa ka shinshina gindin bango. Ɗakin da ruwa ya shiga yana da warinsa, ko an turara shi da turaren wuta.

Akwai wani gida da na duba a Garun Malam, mai gidan ya tarbe ni da lemo da fara'a kamar surukinsa ne ya zo. Ko'ina ya buɗe mini, amma da muka shiga ɗakin tsakiya sai ya jingina da wata ƙatuwar durowa yana ba ni labarin aikin hajjinsa. Na ce, "Alhaji, a ɗan matsar da wannan." Ya ce tana da nauyi. Na ce ni ma ina da lokaci. Da aka matsar, tsagar da ke bayanta sai da na zura hannuna har gwiwa. Ya dube ta ya ce, "Ikon Allah, yaushe wannan ta fito?" Dillalai ba sa ƙaunata saboda irin wannan, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba.

Amma abin da ya fi komai a yankinmu shi ne ruwa, kuma nan ne baƙon magini yake faɗuwa. A wasu garuruwan, in kana son ka ga asirin gida ka je da damina. Mu nan da rani ake duba gida, lokacin da aka saki ruwan noman rani ya cika kanal, wato manya da ƙananan hanyoyin ruwan da suka ratsa gonakinmu. Ruwan nan ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Yana bi ta ƙarƙashin ƙasa a hankali, ya sami gindin bango, ya hau. Sama ƙalau, rana tana dukan bango, gindinsa kuma ya zama kamar tuwo. Duk wanda ya duba gidan bakin kanal alhali an rufe ruwa, bai duba komai ba. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Duk da haka sau ɗaya na yi wannan kuskuren, kuma a gidan da bai kamata ba.

Baba Tanko ya rasu da shekara shida lokacin da matarsa, Inna Asabe, ta aiko a kira ni. Gwiwoyinta sun gaji, idonta ya fara hazo, ɗanta Habibu da ke aiki a Kumbotso ya matsa ta koma wurinsa. Mai saye ma ya samu: Malam Nasiru, wani malamin Islamiyya da ɗalibai suka yi wa yawa a zaurensa. Yana son gidan ne musamman saboda babban ɗakin gabas, inda ya ce zai zaunar da ƙananan yara su yi karatu.

Na sami Inna Asabe a tsakar gida kan tabarma, ta miƙe ƙafa. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Garba, ka ga Habibu ya sa an yi wa gidan kwalliya. Ni dai na ce ba za a kira kowa ba sai kai. Ka duba mini da kyau, kada in ci haƙƙin bawan Allah da yaran mutane."

Na ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Sannan ta ƙara da cewa, "Ka dai san tunda ubangidanka yake, ba a taɓa cewa ga gininsa ya faɗi ba. Ya tafi da wannan sunan. Shi kaɗai ya bar mana da ya fi gidan."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye ko bayan ransa. Ubangidanka take cewa in da ni take magana, in da wasu ne ta ce Malam.

Habibu yaron kirki ne, ba ɓoye wani abu ya yi niyya ba. Shi dai ya ga gidajen birni, ya ɗauko masu filasta suka shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, aka bi da fenti ruwan ƙwai. Gidan ya yi kyau kamar amarya. Amma siminti a kan bangon ƙasa kamar rigar leda ce a jikin mai zufa, ruwan da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Kuma a makon nan an rufe ruwa ana yashe kanal, ƙaramar hanyar ruwan da ta bi ta bayan ɗakin gabas ta bushe ƙayau, har awaki suna kiwo a ciki.

Na ga duk wannan da idona. Na ƙwanƙwasa azara, lafiya lau. Na hau soro, indararo garau. Na saki igiya, bango a miƙe. Na shiga ɗakin gabas, warin sabon fenti ya cika mini hanci, na buga guduma a filasta ta amsa da ƙarfi don ba ta daɗe da kamawa ba. Abin da ya rage in zaga baya in soka rodi a gindin bango, in kuma ce a jira a saki ruwa. Ban yi ba. Gaskiyar magana, ban shiga gidan nan a matsayin mai dubawa ba, na shiga ne a matsayin yaron Baba Tanko. A tsakar gidan nan na ci tuwo shekara bakwai. Hannuna ya ƙi ya soka ƙarfe a bangonsa, sai na gaya wa kaina ai ginin Baba ba ya buƙata.

Na fito na ce, "Inna, gida lafiya lau."

Ta dube ni ta ce, "Har ɗakin gabas?"

Na ce, "Har shi."

Ta ce, "To, madalla." Muryarta ba ta yi daɗin da na zata ba, amma ban tsaya tunani a kai ba. Na je na faɗa wa mai unguwa da Malam Nasiru, aka sa ranar Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci za a taru a yi ciniki gaban shaidu.

Ranar Asabar aka saki ruwa. Ranar Laraba da hantsi ina kan keke zan je wani aiki a hanyar Bunkure, hanya ta bi da ni ta bayan gidan. Kanal ya cika, ruwa yana tafiya. Ban yi niyyar kallo ba, ido ne ya saba. A gindin bangon gabas, fentin nan ruwan ƙwai ya yi duhu kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa, layi ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan. Na sauka na jingine keken. Na zaro rodi, na fasa filasta kaɗan, na soka. Ban sa ƙarfi ba ya shige har rabi. Na matsa gaba na sake, haka. Wuri biyar na gwada. Da na zaro, ƙasar da ta biyo shi baƙa ce, jiƙaƙƙiya, tana wari.

Bangon nan zai iya yin shekara biyu a tsaye, zai iya kuma faɗuwa a damina mai zuwa. In irinsa zai faɗi ba ya sallama, gindin ne yake zamewa, rufin azara da ƙasar da ke kansa su sauko gaba ɗaya. Na tsaya ina tunanin yara talatin a ƙarƙashinsa suna biya karatu. Kuma saura kwana biyu a yi ciniki a kan maganata.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ba ta mai unguwa ko ta Malam Nasiru ba, waɗannan zan iya tsayawa gabansu in ce na yi kuskure. Abin da ya yi mini nauyi shi ne in koma wurin tsohuwar nan in ce mata ginin mijinta, wanda ya yi wa kansa da hannunsa, shi ne zai fara faɗuwa. Na fi rabin awa a bakin kanal kafin na tura keken zuwa ƙofar gida.

Na yi sallama, ta amsa daga rumfa. Na durƙusa, na ajiye rodin a gabanta da ƙasar a jikinsa. Ta kai hannu ta shafa, ta murza ƙasar a yatsunta, ta kai hanci.

Ta ce, "Na gabas ne."

Na ce, "Shi ne, Inna. Ki yafe mini. Ranar nan ban duba ba. Na ce na duba, amma ban duba ba."

Ta goge yatsunta a gefen zani. Ta ce, "Shekara uku ke nan da na fitar da gadona daga ɗakin nan. Kullum aka saki ruwa sai tabarma ta yi sanyi. Na sani, Garba."

Na ce, "To Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In ce me? In ce aikin Malam ya lalace? Shekara arba'in da wani abu ina gidansa ban taɓa kushe abin da hannunsa ya yi ba, sai yanzu da ba ya nan? Bakina ba zai iya ba. Shi ya sa na ce a kira ka. Na ce yaronsa ne, shi ya koya masa, in ya fito daga bakinsa kamar Malam ne ya faɗa da kansa. Da ka ce lafiya lau, kwana na yi ina cewa ko ni ce tsufa ya ruɗe. Na so in yarda da kai, wallahi na so."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da furfurata. Ashe ni da ita abu ɗaya muke ta kewayewa, kowa yana jiran ɗaya ya faɗa.

Na ce, "Inna, ki saurare ni, wannan maganar magini ce, ba ta lallashi ba. Lokacin da Baba ya yi bangon nan babu kanal a bayan gidan nan. Gonar dawa ce, ina cikin masu jefa masa tubali. Daga baya aka haƙa hanyar ruwa taku huɗu daga gindinsa. Shekara talatin ruwa yana cin sa ta ƙasa. Da wani ne ya gina, da tuni an manta an taɓa yin ɗaki a wurin."

Ta ce, "Haka za ka faɗa gaban mutane?"

Na ce, "Haka zan faɗa, don haka ne."

Ranar Juma'a aka taru a zauren mai unguwa kamar yadda aka sa, sai dai ba ciniki aka yi ba. Na tashi na ce maganar da na kawo makon jiya na janye ta, na duba gida an rufe ruwa, abin da ko sabon shiga ba zai yi ba. Wani dillali da na taɓa ɓata wa ciniki ya yi murmushi har kunne, na bar shi ya more. Habibu ya ɓata rai, ya ce yanzu duk simintin da ya zuba ya tashi a banza ke nan. Na ce masa na bangon gabas dai ya tashi. Malam Nasiru ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi yana son gidan har yanzu, amma ba zai sa yaro ko ɗaya a ɗakin ba sai an sauke bangon an tayar da sabo, in ya so a yi ciniki bayan nan. Aka watse a kan haka. Tafiyar Inna Kumbotso ta ƙara wata biyu.

Da Habibu ya ce zai kawo lebura daga birni su rushe bangon, sai Inna ta aiko mini. Ta ce, "Kada baƙo ya sa masa diga. Kai za ka sauke shi."

Na tokare rufin da itatuwa, na sauke ƙasar soro, na zare azara ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyayyu, har da su aka mayar. Sannan na fara bangon daga sama. Ban sa diga ba, da hannu da guduma na bi shi, layi layi, kamar yadda aka jera shi. Inna ta sa aka kai mata kujera 'yar tsugunno bakin ƙofar ɗakin, ƙura tana tashi, na ce ta matsa ta ƙi.

A layi na uku wani tubali ya fito mini ɗungurungum, yaɓen ya rabu da shi tsaf. Na juya shi sai ga shatin yatsu a jikinsa, huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen. Tubalin gidan mutane lebura ne suke yi, amma na gidansa Baba Tanko shi ya zauna ya mulmula abinsa, ita kuma tana jawo masa ruwa daga rijiyar tsakar gida. Na sauko daga tsani na miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu. Idonta ba ya gani sosai, sai ta bi shi da yatsa har ta sami wurin. Ta sa yatsunta a cikin shatin, nata suka yi ƙanana a ciki. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Ba ni gudumar nan taka."

Na ba ta. Ta ɗora tubalin a cinyarta ta ƙwanƙwasa, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ya amsa da ƙara kamar dutse, ko ɓarɓashi bai zubo ba. Ta sake bugawa, ta kasa kunne.

Ta ce, "Garba, kai ne mai dubawa. Wannan fa?"

Na karɓa na juya shi, na ƙwanƙwasa ta kowane gefe, na shinshina, na yi masa duk abin da nake yi wa gidan wanda ban sani ba. Sannan na mayar mata.

Na ce, "Wannan ba shi da aibi, Inna."

Ta kwance gefen mayafinta ta naɗe shi, ta rungume a ƙirji. Ta ce, "To ci gaba da aikinka. Sauran na Malam Nasiru ne, wannan ba na sayarwa ba ne."